Rara gosht, miyar nama biyu ta mutanen Panjab: a ina ake ɓata ta?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina so mu buɗe zance a kan rara gosht, abincin nan na Panjab da ke arewacin Indiya, wanda ake haɗa yankakken nama mai ƙashi da niƙaƙƙen nama a tukunya ɗaya. Koke uku ne suke ta dawowa duk lokacin da aka ambace shi a nan: ko miyar ta tsinke, ko niƙaƙƙen naman ya cure ya zama ƙwallaye masu tauri, ko a gama a ji ɗaci-ɗaci a ƙarshen harshe. Masu sani, a taimaka mana da awo da yadda ake bi daki-daki.

Hajiya Turai: Wa alaikumus salam Maman Hanifa. Bari in fara da abin da ya raba shi da sauran miyar Indiya, don tun daga nan ake ɓacewa. A rara, niƙaƙƙen naman nan da suke kira kima shi ne jikin miyar. Yana narkewa cikin albasa da kayan ƙamshi, ya yi kauri mai tsaki-tsaki, ya manne a jikin kowace tsoka. In kin ɗebo kin zuba a faranti bai kamata ruwa ya gudu gefe ba, sai dai jan mai ya ɗan kewaye shi.

Ga awon da zai ishi mutum biyar zuwa shida. Nama mai ƙashi giram 750, niƙaƙƙe giram 250 zuwa 300. Albasa giram 400, wato manya uku. Tumatir giram 250. Kindirmo mai kauri giram 150. Ɗanyar citta da tafarnuwa niƙaƙƙu, cokalin cin abinci biyu a haɗe. Man shanu cokali shida. Kayan ƙamshin da ake jefawa ba a niƙa ba: ƙwayar kumin cokalin shayi ɗaya, ganyen tej (ganyen ƙamshi na Indiya mai kama da ganyen bay) biyu, koren kadamom huɗu, baƙin kadamom biyu, kanumfari biyar, kirfa tsawon rabin ɗan yatsa. Na gari kuma: kusbara cokalin cin abinci biyu, barkonon Kashmir ɗaya da rabi, kumin cokalin shayi ɗaya, kurkum rabin cokalin shayi, garam masala (haɗin garin kayan ƙamshi na Indiya) cokalin shayi ɗaya, busasshen ganyen hulba cokalin cin abinci ɗaya. Gishiri ki fara da cokalin shayi ɗaya da rabi, sauran a ƙarshe. Ruwan zafi kamar mililita 300, shi ma ba a lokaci guda ake juye shi ba.

Malam Sabo: Hajiya, kafin a kai ga tukunya a bar ni in yi maganar naman. Abin da mutanen Indiya suke kira naman rago a girke-girkensu, yawanci akuya ce. Don haka wanda ya samu taure matashi ya samu abin da ake so. A guji tsohon bunsuru, warinsa ba kayan ƙamshin da zai danne shi. Rago ma yana yi, amma kitsensa yana saurin daskarewa a ganɗa idan abincin ya ɗan huce, sai a rage masa kitsen waje kuma a rage man shanu zuwa cokali huɗu.

Wajen yanka, a nemi kafaɗa da wuya da ƙwabri, a ɗan haɗa da haƙarƙari. Waɗannan su ne masu jijiya da ɓargo, kuma jijiyar ce take narkewa idan ta daɗe a wuta ta ba miya danƙo. Cinya zalla tana bushewa, a ci a ji kamar zare. Kowane yanka ya kai giram 40 zuwa 50, kuma a daidaita girmansu don su nuna tare.

Niƙaƙƙen kuwa, a ce wa mai inji ya wuce da shi sau ɗaya kawai, a faranti mai manyan huda. In an niƙa sau biyu ya zama laushi kamar na cusa wa samosa, zai ɓace a miya ko ya dunƙule. Wanda aka sassara da wuƙa a kan gungume ya fi kowanne. Kitse ya zama kamar kashi ɗaya cikin biyar. A wanke tsokar kafin a niƙa ta, a tsane ta. Bayan an niƙa ba a wankewa.

Maman Hanifa: Malam, me ya sa ba a wankewa? Wasu suna cewa wankin ne yake rage ƙarni.

Malam Sabo: Wankin ɗanɗanon yake zubarwa, kuma naman ya sha ruwa. In ya shiga mai zai dahu ne cikin ruwansa ya yi toka-toka, ba zai soyu ba. Suya ce take kashe ƙarni, ita da citta da tafarnuwa. Haka ma yankakken naman: bayan an wanke shi a bar shi a kwando minti ashirin, ko a goge shi da tsumma mai tsabta.

Anti Larai: To ni zan ɗora daga albasa, don rabin aikin yana wajenta. A samu tukunya mai kaurin gindi, mai faɗi. A narka man shanu a matsakaiciyar wuta, a jefa kayan ƙamshin da ba a niƙa ba. Daƙiƙa talatin zuwa arba'in sun isa: za ki ji kumin yana tsalle yana ƙara, kadamom ya ɗan kumbura, ƙamshi ya tashi. In kumin ya yi baƙi, ki zubar ki sake sabo, don ɗacin farko ke nan kuma ba ya fita.

Sai albasa, an yanka ta siriri sosai kuma daidai wa daida, a barbaɗa mata ɗan gishiri don ta saki ruwa. Nan ake zama. Giram 400 na albasa ba za ta soyu yadda ake so ba ƙasa da minti ashirin zuwa ashirin da biyar. Da farko za ta yi laushi ta yi haske, sai ta yi rawaya, sai gefenta ya fara ja. Abin da ake nema shi ne launin busasshen dabino, ko'ina iri ɗaya, ta ragu ta koma kamar kashi ɗaya cikin huɗu na yadda aka zuba ta. Minti biyar na ƙarshe ba a barin bakin tukunya. In kin ga gefe yana riga tsakiya, ki yayyafa ruwa cokali biyu ki juya, zai ɗago abin da ya kama a gindi ya daidaita launin.

Wadda ta cire hannu albasa tana rawaya, miyarta za ta yi zaƙi-zaƙi kuma ta yi fari. Wadda ta ƙara wuta don ta yi sauri, ta samu baƙin gefe da ɗanyar tsakiya, ga ɗaci na biyu.

Ummi Zakiyya: Anti, in an markaɗa albasar a bilenda fa? Ba zai fi sauri ba?

Anti Larai: Ya fi jinkiri ma, ƙanwata. Markaɗaɗɗiyar ɗanyar albasa ruwa ce, sai ta ƙone ruwan kafin ta fara soyuwa, tana ta fantsama, kuma sau da yawa tana barin wani ɗanɗano mai kaifi. In kina son miya mai santsi, ki soya yankakkiyar har ta yi ja, ki kwashe, ki markaɗa da ɗan kindirmo, ki mayar. Amma rara ba ta neman santsi, tsaki-tsakin nan shi ne kamanninta.

Hajiya Turai: Haka ne. Bayan albasa sai citta da tafarnuwa, a rage wuta, minti ɗaya zuwa biyu, har ƙaurin ɗanyar tafarnuwa ya tafi. Tana saurin kamawa, a riƙe ruwa a kusa. Sai a ɗaga wuta a zuba yankakken nama da sauran gishiri. Zai saki ruwa, kada a tsorata kuma kada a rufe. A yi ta juyawa har ruwan ya ƙone, naman ya fara ɗaukar ja a gefe, ƙarar tukunya ta sauya daga tafasa zuwa suya. Minti goma zuwa sha biyu ke nan. Wannan suyar ita suke kira buna, kuma ita ce rara ɗin gaba ɗaya. Sau uku ake yin ta a girkin nan: a kan nama, a kan kayan miya, sannan a kan kima.

Garin kayan ƙamshi ba a zuba shi kai tsaye a kan busasshiyar tukunya mai zafi. A dama kusbara da kumin da kurkum da barkono a ruwa cokali huɗu, a rage wuta, a zuba, a juya minti biyu. Garin barkono yana ƙonewa cikin daƙiƙu, ga ɗaci na uku. Sai tumatir, yankakke ƙanana ko jajjagagge, a soya har ya narke ba a ganin fatarsa, mai ya fito yana ƙyalli a gefen tukunya. In kin ja ludayi a tsakiya ki ga gindin tukunya ya bayyana kafin miyar ta rufe shi, to ya yi.

Kawu Idi: Hajiya, ni a nan nake so a ja hankali, wajen kindirmo. Da yawa suna juye shi daga firji cikin tukunya mai tafasa, sai ya tsinke ya zama farin ɗigo-ɗigo da ruwa daban. Dalili shi ne zafi da tsami suna ƙulle sinadarin gina jikin da ke cikin madara lokaci guda. A fito da shi ya huce sanyi, a kaɗa shi sosai da maburgi har ya yi sumul, a rage wuta can ƙasa ko a sauke tukunyar, a zuba cokali-cokali ana juyawa ba tsayawa. Sai wanda aka zuba ya ɓace a sa na gaba. Kuma kindirmo mai maiƙo, ba nonon da aka cire wa mai ba, kuma ba yogot mai sukari ba. In yana da ruwa, a zuba shi a rariya mai laushi ko tsumma minti talatin ya tsane. Wanda yake tsoro zai iya kaɗa shi da rabin cokalin shayi na garin filawa, yana riƙe shi.

Yaya Bilki: Kawu, akwai hanyar da ta fi sauƙi. A jiƙa yankakken naman tun farko da kindirmon da rabin citta da tafarnuwa da gishiri, awa biyu zuwa kwana a firji. Ka ga an huta da tsinkewa, nama kuma ya yi laushi.

Kawu Idi: Yana yi, Bilki, ban musa ba. Amma ki sani naman da ya sha kindirmo ba ya soyuwa da wuri, sai kin ƙara kusan minti goma kafin ruwansa ya ƙone, kuma yana kama gindi. Jan da ake nema a jikin tsokar yana raguwa. In naman matashi ne ni na fi son a soya shi a bushe. In ya ɗan manyanta, hanyarki ta fi.

Maman Hanifa: Yanzu mun zo kan babbar tambaya. Yaushe kima zai shiga?

Yaya Bilki: Ra'ayina a soya shi daban. Kasko mai faɗi, man shanu cokali ɗaya, wuta sama, a baza shi, a bar shi minti biyu ba a taɓa ba ya kama ja a ƙasa, sannan a farfasa da bayan ludayi har ya warware ya zama kamar tsakin masara. Minti shida zuwa takwas. A ajiye. Idan yankakken naman ya kai kashi uku cikin huɗu na nuna, a juye shi ciki su ƙarasa tare minti ashirin zuwa ashirin da biyar. Ta haka ba dunƙulewa, ba ƙarni, kuma bai dahu har ya zama yashi ba.

Hajiya Turai: Bilki, a nan mun rabu. In kin soya shi daban kin rufe shi, ya zama baƙo a miyar, ana jin kima daban miya daban. Ruwan da yake saki da kitsensa su ne ya kamata su shiga cikin albasa da tumatir su zama abu ɗaya. Yadda na fi yarda da shi: bayan kindirmo ya soyu mai ya fito, a zuba ruwan zafi mililita 200, a rufe, a bar yankakken naman a wuta can ƙasa minti arba'in zuwa arba'in da biyar. Sai a buɗe, a tura tsokokin gefe, a ɗaga wuta, a zuba ɗanyen kima a tsakiya cikin man da ya taso, a soya shi nan minti goma ana farfasawa. Sannan sauran ruwan, a rufe, minti ashirin da biyar zuwa talatin.

Yaya Bilki: Hajiya, ai a nan ne ƙwallayen suke haihuwa. Ɗanyen kima mai sanyi ya faɗa miya mai zafi, waje ya ƙulle kafin a kai ga farfasa shi.

Hajiya Turai: Akwai maganinsa. Kafin ya shiga, ki zuba masa ruwa cokali uku ko kindirmo cokali biyu, ki murtsuke da hannu har ya saki ya daina mannewa. Kada ki sa masa gishiri a wannan lokacin, gishiri yana sa niƙaƙƙen nama ya yi danƙo ya haɗe, shi ya sa ake sa shi da wuri in ƙwallon nama ake son yi. Ki zuba kashi uku, ba gaba ɗaya ba. Kuma kafin ki zuba ki tabbata ruwan miyar ya ja baya, mai ne a gindi, ba romo ba.

Malam Sabo: Akwai masu zuba su tare tun farko, su dafa fiye da awa ɗaya. In niƙan mai gwaɓi ne kuma da kitse, yana jurewa, miyar ma ta fi haɗewa. In marar kitse ne, zai bushe ya zama kamar ɓuntu a baki. Don haka amsar tana wajen irin niƙan da mutum ya samo. Mai laushi marar kitse, a bi Hajiya kuma a jinkirta shi. Mai ƙarni ko wanda ya fito daga firiza ya saki ruwa, a bi Bilki.

Ummi Zakiyya: Tambaya don Allah. In naman ya ƙi nuna, ɗan jiƙon kanwa ba zai taimaka ba?

Anti Larai: A'a Ummi, kada ki kusanta. Miyar nan a kan tsamin kindirmo da tumatir take tsaye, kanwa kuwa kashe tsami take yi. Tana kuma juya launin kurkum ya koma ja mai duhu, miyar ta dushe, a ji santsin sabulu a baki. Abin da mutanen Indiya suke yi da nama mai tauri shi ne ɗanyar gwanda, koriya shar, a markaɗa ta da ɓawonta. Cokalin cin abinci ɗaya ya ishi giram 750, a shafe yankakken naman awa ɗaya zuwa biyu. In ya wuce haka wajen zai lalace ya yi lumui. Kada ta taɓa kima. In ba gwanda, ƙarin lokaci ne kawai: ruwan zafi rabin kofi, wuta ƙasa, minti ashirin.

Kuma ruwan zafi nake cewa da gangan. Ruwan sanyi yana tsayar da tafasa, ya daskarar da kitse, ya ja lokaci.

Baban Amir: Masu tukunyar firesha fa? A girke-girken Indiya za ka ga ana cewa a jira tukunyar ta yi ƙarar fitar da iska sau huɗu ko biyar.

Kawu Idi: Ƙirgen ƙarar nan kada a dogara da shi, don ya danganta da girman tukunya da ƙarfin wuta da yawan ruwa. A duba agogo. Duk suyar da aka lissafa a yi ta a buɗe, ba a tsallake ko ɗaya. Bayan kindirmo a zuba ruwa mililita 200, a kankare gindi sosai da ludayin katako, don abin da ya rage a manne shi ne zai ƙone. A rufe. Idan ta ɗauki iska a rage wuta, minti goma sha biyu zuwa sha biyar ga matashiyar akuya, ashirin ga mai tauri. A kashe a bar ta ta sauke da kanta, kada a sa ta ƙarƙashin famfo. Sai a buɗe a yi aikin kima a buɗe. Kima ba ya shiga ƙarƙashin murfin firesha, don yana kwanciya a gindi ya kama, kuma tunda ruwa ba ya fita a wannan tukunyar, miyar takan tsinke. Mafi yawan rara mai ruwa daga nan take fitowa.

Baban Amir: Na gane. Sai maganar kayan ƙamshi, don ba kowa ne zai samu barkonon Kashmir ba.

Hajiya Turai: Shi barkonon Kashmir don launi ake sa shi, yajinsa kaɗan ne, shi ya sa ake zuba har cokali ɗaya da rabi. Wanda ya ɗebi wannan awon na garin barkononmu ya zuba, abincin ba zai ciwu ba. A madadinsa a samu busasshen tattasai guda biyar ko shida, a cire 'ya'yan, a jiƙa a ruwan zafi minti ashirin, a markaɗa, a haɗa da garin barkono rabin cokalin shayi. Attaruhu ban ba da shawara ba, yana da nasa ƙamshin mai ƙarfi da zai ja miyar ta koma dage-dage. In ana son ƙarin yaji, koren barkono siriri biyu ko uku a tsaga a jefa a ƙarshe.

Ganyen tej ba shi ne ganyen bay na kanti ba. A duba bayansa: tej yana da jijiya uku da suka miƙe daga tushe zuwa kai, ƙamshinsa na kirfa ne. Bay jijiya ɗaya gare shi a tsakiya. In bay ne a hannu a sa ɗaya, a ɗan ƙara kirfa. Baƙin kadamom kuma a kan wuta ake busar da shi, shi ya sa yake da ƙamshin hayaƙi, koren ba ya maye gurbinsa. In babu, a bar shi.

Anti Larai: Hulba ce nake so a kula da ita. Ganyen ake nufi, wanda suke kira kasuri meti, sunan daga garin Kasur ne da ke Panjab ta ɓangaren Pakistan. Ba 'ya'yan hulba da aka saba gani wajen masu kayan Islamiyya ba. Wanda ya zuba cokali guda na garin 'ya'yan ya gama da tukunyar, ɗacin ba ya gyaruwa. Ganyen a ɗan gasa shi a busasshen kasko daƙiƙa ashirin, a murza tsakanin tafin hannu, a watsa minti biyar kafin a sauke. In babu ganye, ƙwayar hulba huɗu ko biyar kacal a jefa cikin mai tare da kumin.

Ummi Zakiyya: Garin kori na gwangwani da tayim da dunƙule fa? Ba za su shiga ba?

Kawu Idi: Garin kori haɗin da aka yi wa Turawan Ingila ne don su kwaikwayi girkin Indiya, kurkum ya yi masa yawa. Zai mayar da miyar rawaya, ita kuwa rara ja ce mai duhu. Tayim ba na girkin Panjab ba ne. Dunƙule ra'ayi ne, amma tukunyar da ta ɗauki kilo guda na nama da ƙashi da ɓargo ba ta neman taimako, in kuma an sa shi a rage gishiri. Garam masala a haɗa a gida ya fi: koren kadamom cokalin cin abinci ɗaya, kumin cokali ɗaya, baƙin kadamom uku, kirfa sanda biyu, kanumfari cokalin shayi ɗaya, baƙin barkonon Indiya cokalin shayi ɗaya. A gasa a wuta ƙasa minti biyu zuwa uku, a bar su su huce sarai, a niƙa, a rufe a kwalba. Kimba da masoronmu a ajiye su wa yaji da farfesu. Garam masala a ƙarshe ake sa shi tare da hulba, in ya daɗe yana tafasa ƙamshin ya tashi ya bar ɗaci.

Yaya Bilki: Man shanun ma a faɗa. Gi na Indiya man shanu ne da aka narka aka dafa har ruwansa ya ƙone aka tace. Namu soyayye daidai yake. In ɗanye ne na ƙwarya a soya shi tukuna, in ba haka ba zai yi kumfa ya ƙone kafin albasa ta yi. A Panjab suna amfani da man mastad ma, su zafafa shi har ya fara hayaƙi don kaifinsa ya tafi. Man gyaɗa yana yi, a gama da cokali ɗaya na man shanu. Manja dai a'a.

Maman Hanifa: To in an riga an ɓata fa? Me ake iya cetowa?

Hajiya Turai: In ta tsinke, ki tsame tsokokin ki ajiye don kada su farfashe, ki ɗaga wuta ki soya miyar a buɗe har mai ya taso, ki mayar da su. Kada ki kaɗa mata gari. In ta yi tsami, tumatir ne bai soyu ba ko kindirmon ya kwana biyu: ƙarin minti goma a wuta ƙasa, cokali ɗaya na man shanu, da soyayyar albasa kaɗan. In gindi ya kama kin ji ƙauri, ki ajiye ludayi, kada ki kankare, ki juye na saman a wata tukunya ki ci gaba. In gishiri ya zarce, dankali ba ya janye shi yadda ake faɗa. Ki soya ƙarin kima giram 100 da albasa ɗaya ba gishiri ki haɗa. Ƙwallaye kuma a danne su da bayan cokali mai yatsu tun suna tukunya, a yayyafa ruwan zafi, a rufe minti goma.

Alamar nuna: tsoka ta ja baya daga bakin ƙashi, cokali ya shige ta ba turjiya amma ba ta zube ba, ɓargo ya yi laushi a cikin ƙwabri.

Malam Sabo: Ga wani abu ga masu girki da gas da suke son ƙamshin irin na shagunan abinci na bakin hanya da ake kira daba. A hura gawayi ɗaya ɗan ƙarami har ya yi ja ko'ina. A ɗora ƙaramin kwanon ƙarfe a tsakiyar miyar bayan an sauke, a sa garwashin ciki, a ɗiga masa man shanu rabin cokalin shayi. Farin hayaƙi zai tashi nan take, a rufe ruf. Minti uku, in ya yi yawa huɗu. A buɗe a cire kwanon da awartaki, a kula toka kada ta zube. In ya wuce haka ƙauri zai rufe komai. Gawayin itace zalla, ba wanda aka kunna da kananzir ba.

Anti Larai: Bayan an sauke a bar ta a rufe minti goma sha biyar zuwa ashirin, mai ya taso kima ya sha. A yi mata ado da ɗanyar citta da aka yanka siriri kamar ashana, da ganyen kusbara. A gefe ɗanyar albasa zagaye-zagaye da lemun tsami, su ne suke yanke maiƙon. Da gurasar Indiya ta tanderu da ake kira nan ko roti ake cinta a can, don miya ce ta dangwale. Gurasar Kano ita ma a tanderu ake gasa ta, tana ɗaukar miyar nan da kyau in an ɗan ɗumama ta. Mai son ci da shinkafa basmati ya ƙara ruwan zafi rabin kofi a minti goma na ƙarshe.

Baban Amir: Ajiya fa, tunda akwai niƙaƙƙen nama a ciki?

Kawu Idi: Shi ne abin kula. Niƙaƙƙen nama ya fi tsoka saurin lalacewa, a niƙa a dafa a ranar, in za a jira a sa shi a firji. In an gama ci kada ragowar ta wuce awa biyu a waje, a lokacin zafi ma awa ɗaya. A raba ta a mazubi marasa zurfi don ta huce da sauri. Kwana uku a firji mai sanyin gaske. Inda wuta ba ta tsayawa, a dafa daidai ci, a raba awon Hajiya biyu, amma lokacin albasa da na dahuwar nama ba ya raguwa sosai. Wajen ɗumame a sa ruwan zafi cokali uku ko huɗu, wuta ƙasa, a rufe, ana juyawa daga gindi har ta tafasa ko'ina, a sake murza ɗan ganyen hulba a kai.

Yaya Bilki: Hajiya Turai, ni dai har yanzu ina kan bakana a kan kimar da ta fito daga firiza. Wannan ko an murtsuke ta sai ta saki ruwa.

Hajiya Turai: Wannan na ba ki, Bilki. A narkar da ita a firji, a matse ruwan, a soya daban. Amma man da ya rage a kaskon, da abin da ya kama a gindinsa, a ɗauraye su da ruwan zafi cokali uku a juye cikin tukunyar.